Maitamar Hanyar Zango

Duk wanda ya sha shayi a teburin da ke kusa da rijiyar Kusugu ta Daura a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, to ya haɗa da labarin unguwannin masu kuɗi, ko yana so ko ba ya so, domin Sharu ɗan marigayi Malam Yahya ba ya barin kowa ya kurɓa a banza.

Sharu mai walda ne. Ya yi shekaru yana bin ubangidansa birni-birni suna kafa wa manya ƙofofin ƙarfe, irin waɗanda ake ce wa get. Yana Abuja, a kan tsani, aka aiko masa cewa mahaifinsa ba lafiya, ya ce bari su ƙarasa aikin da ke hannu. Ya iso Daura ya tarar har an naɗe tabarmin zaman makoki. Wannan maganar ba ya yin ta. Duk wata magana kuwa yana yi, har da rabon wasu.

"Nasarawa ta Kano ba laifi," in ji shi wata safiya. "Akwai itatuwa, akwai kwalta. Amma na ga akuya da idona. Akuya, jama'a! Nan take na fitar da ita daga sahu."

"Malali ta Kaduna fa?" in ji Audi, taubashinsa, ɗan gwaggonsa Maiturare, mai jan tasi tsakanin Daura da Zango.

"Malali da sauranta. Na ji wani Alhaji ya leƙo ta katanga yana tambayar maƙwabcinsa ya jiki. Wannan ai talauci ne bai gama sakinsu ba. Kokawar tana tsakanin Asokoro da Maitama na Abuja. Asokoro ta fi tsit, Maitama ta fi ciyawa. Amma ga abin da ya ba Maitama nasara: na yini a cikinta ban ga mahaluƙi ɗaya yana tafiya a ƙafa ba."

"Sai kai."

"Ni aiki ya kai ni."

Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "To mu fa, ɗan nan? Unguwarmu ta nawa ce?"

"Baba, ka yi haƙuri. Unguwar da za ka yi atishawa a ɗakinka a amsa maka daga gida na uku? Ba a sa ta a wannan magana."

Audi ya gyara zama ya ce, "Cikin gidajen fa yaya suke? Bayan get ɗin nake nufi."

Sharu ya hura shayinsa, ya sake hurawa, ko da yake ya daɗe da hucewa.

"Ciki ai na iyali ne," ya ce. "Ni daga get nake gane komai."

A ƙarshen bencin akwai Liman Kalilu, aminin Malam Yahya tun suna makarantar allo, wanda ya wanke shi ya sallace shi. Tun da Sharu ya dawo, Liman ke amsa gaisuwarsa da "lafiya" guda ɗaya, busasshiya, ba ya ƙara komai a kai. Ita wannan lafiyar ce ke hana Sharu sakat. Ga matarsa Larai tana gidan iyayenta da tsohon ciki, na fari. Ya ƙudurta a ransa in namiji ne sunan mahaifinsa zai ci, kuma bakin Liman Kalilu ne zai raɗa shi, a gaban duk abokan marigayin. A nan ne za su ga cewa ba a banza ya yi nisa ba, ba a banza ya makara ba.

Saboda haka ya miƙe ya yi shela. Gonar mahaifinsa da ke hanyar Zango, daga yau ta tashi daga gona. Ta zama unguwar manya ta bayan gari, Maitamar Daura, kuma a can za a yi suna.

Gwaggo Maiturare, ƙanwar marigayin, ta ji labari tun kafin shayi ya huce.

"Sharu, gonar geron ce za ka mai da Abuja?"

"Gwaggo, ita ma Abujar ai daji ce kafin a kafa mata get."

"To su wa za su zauna a ciki?"

"Manya."

"Suna ina?"

"Suna jiran su ga get."

"Allah Ya ba su haƙurin jira," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗe.

Aka fara da get. Gaskiya ita ce Sharu ya iya aikinsa: ya ƙera shi baƙi wuluk, da kibau masu ruwan zinare a sama, tsayinsa ya fi zauren mai unguwa. Aka ɗora shi a kan amalanken shanu, yara na bi suna ihu, ya tsaya cak a ƙofar gari ya ƙi wucewa sai da aka kwantar da shi a gicciye, ya ɗebe wa wani mai rake rumfa. Da aka kafa shi aka zuba siminti, sai ƙarfin aljihun Sharu ya ƙare daidai wurin. Get ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar fili, dama kara, hagu kara.

"Katangar fa?" in ji Audi.

"Katanga ta mai tsoro ce. A Maitama get ake kallo."

A bakin gonar akwai wata tsamiya, inda Malam Yahya ke hutawa da rana tsaka. Har yanzu ƙusar da yake rataya gorar ruwansa na nan a jikinta, ta yi tsatsa. Tun wajen kafawa Sharu ya sa aka ja get ɗin can ciki, aka bar tsamiyar a waje. Ya ce itacen ƙauye ne, ba ya shiga tsarin. In zai wuce ta, sai ya riƙa duban ɗaya gefen.

Sai ciyawa. Ya je fadama ya haƙo kiri-kiri, ciyawar nan da manomi ke tsine wa, ya dasa ta layi-layi a bayan get, ya sa 'yan garuwa na yi mata ban ruwa safe da yamma. Lokacin an gama girbi, ƙasa duk ta yi fari, sai wurin Sharu kaɗai ya yi kore shar. Manoman da ke maƙwabtaka da gonar suka riƙa zuwa kallo.

"Ubanka ya ƙare ƙarfinsa yana cire ta, kai kana ba ta ruwa?"

"Bambancin arziki da wahala ke nan," in ji Sharu. "Talaka na shuka abin da zai ci. Mai kuɗi na shuka abin da zai kalla."

Sama'ila, Bafillacen da ya saba kawo shanunsa duk kaka su ci kara su bar taki, ya zo ya jingina da sandarsa ya daɗe yana duban koren nan. Ya ce shi da Malam Yahya sun saba, ba su taɓa saɓawa ba. Sharu ya ce wancan zamani ne, yanzu ko a Nasarawar da ta faɗi jarrabawa ba a kiwon shanu. Sama'ila bai ce komai ba. Shanun ma ba su ce komai ba, amma su sun fi shi daɗewa suna kallo.

Sai tudun rage gudu. Sharu ya ce ba unguwar manya da ba ta da shi, kuma girman tudu shi ke nuna girman mutanen da ke ciki. Na Malali ɗan mitsitsi ne, na Asokoro ya kai idon sawu. Nasa ya gina shi a kan hanyar gonar, jifa ɗaya daga get, ya kai gwiwa. Wani mai babur da ya zo wucewa ya sauka ya ɗaga babur ɗinsa ya tsallakar, yana tambaya ko kabarin wani ne.

Na ƙarshe maigadi. Ya ɗauko Dabo, tsohon soja da ya yi yaƙin basasa, kunne ɗaya ya mutu, ɗayan kuma umarni kawai yake ji. Ya tsai da shi a bakin get da gorarsa, ya ɗaga murya.

"Baba Dabo, doka ɗaya ce. Nan ba a shiga a ƙafa. Mota kawai."

"Mota kawai."

"Ko wane ne. Ko ni ne. Ko na ce maka na fasa, kada ka yarda, gwada ka nake yi." Da ya ga Dabo ya ƙame ya sara masa, daɗi ya ɗebe shi, bakinsa ya riga hankalinsa. "Kai, ko ubana ne ya taso ya zo a ƙafa, kada ka buɗe."

"An gama, ranka ya daɗe."

Larai ta sauka lafiya, namiji. Sharu ya tsara komai. Ya shimfiɗa tabarmi a kan ciyawa tun jajibiri, kafin Dabo ya kama aiki, ya jera farantan goro da dabino aka rufe. Tunda abokan mahaifinsa ba mai mota a cikinsu, ya shirya da Audi ya kwaso su daga masallaci bayan sallar asuba, sawu-sawu, kowa ya shiga Maitama a zaune kamar yadda ya dace.

Sawun farko Liman Kalilu ne a gaba, dattawa a baya sun matsu kamar buhunan gyaɗa, Sharu a tsakiyarsu cikin babbar riga mai aiki, ragon suna a but ɗin motar yana kuka. Sauran jama'a suka ce su ba za su jira ba, suka biyo a ƙafa da maroƙi da wanzami. Sharu na ta bayani a hanya.

"Yanzu za ku ji iska ta sauya. A Asokoro ma haka ake ji daga an doshi..."

Motar ta hau tudun rage gudu, ta yi wata ƙara kamar an fasa tulu, ta zauna a kansa da cikinta. Tayun gaba na juyawa a iska, na baya na juyawa a iska. Salansa ta faɗi ƙasa ta yi gefe.

"Mun iso?" in ji wani dattijo.

"Mun rage gudu," in ji Audi.

Aka fito aka tura, ta ƙi. Aka ja, ta ƙi. Audi ya zagaya ta yana salati yana kiran Sharu da sunayen da taubashi kaɗai ke da ikon kira. Liman ya duba gabas ya ga rana ta fara leƙowa, ya ce ai ga get ɗin nan, a ƙarasa. Suka taka. Kafin su kai, masu tafiya a ƙafa sun cim musu, taro ya yi taro.

Liman ya tsaya a gaban get ya yi sallama. Dabo ya amsa cikakkiya, har da wabarakatuhu, amma bai motsa ba.

"Baba Dabo, buɗe mana," in ji Sharu.

"A ƙafa kuka zo."

"A mota muka zo! Ga ta can!"

"To ta zo."

"Ba ta iya zuwa!"

"To ba ku zo a mota ba. Kun taho a mota, kun zo a ƙafa."

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Sharu ya matsa kusa da kunnen da ke aiki.

"Ni na kafa dokar, na fasa."

Dabo ya yi murmushin wanda ya gano tarko. "Ka gaya mini za ka ce haka."

Sharu ya juyo ga jama'a yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce kun gani ko, tsaro ke nan, ko a Maitama sai an tona kafin a sami irinsa. Sannan ya rage murya ya ce tunda dai ba a gama katanga ba, a ɗan zagaya ta gefe, taki biyu ne.

Liman Kalilu ya dube shi sama da ƙasa.

"In zagaya?"

"Allah gafarta Malam, fili ne ai."

"Kai ka ce mana gida ne. Addini ya ce gida ta ƙofa ake shigarsa, da izini. Ga ƙofa, ga mai ƙofa ya hana. Da furfurata, a shekarar da aka tsai da Shari'a, a ce an ga Liman ya shiga gidan mutane ta bayan fage?"

"Mu ba ɓarayi ba ne," in ji dattawa, kowa ya gyara tsayuwa a gaban get ɗin da ɗan akuya zai iya zagayawa ba tare da ya lura da shi ba.

Ana cikin haka sai ga ƙura ta taso daga gabas. Shanun Sama'ila ne za su mashaya. Da suka hango koren nan da suka daɗe suna mafarki, ba su tsaya shawara ba. Suka ratsa ta dama da hagu, suka bar get a tsakiya, suka baje a kan Maitama. Wani farin bijimi ya ture murfin faranti ya sa baki a dabino.

"Baba Dabo! Shanu! A ƙafa suka shiga, ƙafa hurhuɗu!"

"Ba ta ƙofa suka bi ba," in ji Dabo. "Ƙofa aka ba ni."

Sharu ya tattare babbar riga ya zabura ta gefen get. Taki uku ya yi a kan ciyawarsa, gorar Dabo ta sauka a gabansa ta tare hanya.

"Su dabbobi ne, ba su san doka ba. Kai ka sani. Koma."

Ya koro shi har waje, a gaban surukansa, a gaban wanzami, a gaban maroƙin da ya riga ya fara gyara murya don ya ga abin da zai ci shekara yana faɗa. Audi ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Sama'ila ya iso a guje yana kiran shanunsa da sunayensu, su kuwa ko kunne ba su kaɗa ba.

Sharu ya fusata. "Wai kai ba ka san ko su wane ne waɗannan ba? Abokan mahaifina ne!"

Dabo ya ƙame, ya ɗaga murya irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Ranka ya daɗe, kai ka ce ko ubanka ne ya taso ya zo a ƙafa, kada in buɗe!"

Dariya ta ɗauke kamar an hure fitila. Ba a jin komai sai shanu na tsinkar ciyawa.

Liman Kalilu ya dubi Sharu. Sannan ya ce, a hankali, "A ƙafa kuwa zai zo. Ban taɓa ganin ya zo gonar nan a kan wani abu ba." Ya gyara rawaninsa ya juya ya fuskanci gari. Dattawa suka juya tare da shi.

Sharu ya buɗe baki. Akwai Maitama a ciki, akwai Asokoro, akwai Malali da Nasarawa, ya laluba duk bai sami wadda za ta yi masa amfani ba. Ya ga bayan Liman na nisa, ya ga rana ta hau, yaro na can ba suna. Sai ya ruga ya sha gabansu daidai gindin tsamiya. Ya tuɓe babbar rigar nan mai aiki, ya shimfiɗa ta a kan ƙasa, a wurin da ƙasar ta ɗan lotsa saboda zaman mutum ɗaya shekara da shekaru. Ya durƙusa daga shi sai 'yar shara.

"Baba Liman," ya ce. Tun yana yaro rabonsa da kiransa haka. "Tabarmin suna ciki, shanu na kai. Wannan ce ta rage mini. Na makara sau ɗaya. Kada ka bari in makara yau."

Liman ya dubi rigar, ya ɗaga kai ya dubi ƙusar da ke jikin itacen. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya cire takalmansa ya zauna.

Aka zazzauna a kan saiwoyi da kan kara. Goro babu, dabino babu, sai dattawan suka shiga laluben aljihu, wannan ya fito da ɓari, wancan da guda, aka tara a hular Audi aka raba, ya kuwa zagaya. Sama'ila don kunya ya kawo ƙwaryar nono. Aka fito da rago daga but, Liman ya yi addu'a, aka shafa, sannan ya faɗi sunan. Maroƙi ya miƙe ya kwarara shi, ya tafi a kan gonakin da aka girbe har ya dawo.

Yahya.

Rabon da a kira sunan nan da ƙarfi a gindin tsamiyar nan tun mai shi na amsawa. Sharu ya sunkuyar da kai, ya ce hayaƙin salansa ne ya shige masa ido. Ba wanda ya tuna masa cewa motar a kashe take.

"Allah Ya raya Mai Sunan Malam," in ji Liman. Ya miƙo masa hannu. "Ina gajiya, Sharu? Ya mai jego? Ya muka ji da jama'a?"

Sharu ya amsa su ɗaya bayan ɗaya, bai ƙara ko kalma ba, abin da ya sa wasu suka ɗauka ba shi da lafiya.

Audi ne ya dafa shi. "Taubashi, in faɗi gaskiya, ka ci gasar. A Malali ana gaisawa, a Nasarawa akwai akuya, a Maitama talaka kawai ake hanawa shiga. Kai taka har mai unguwar ba ya shiga. Wa ya kai ka?"

Sharu ya share ido, ya ɗan yi tunani.

"Wato ka lura," ya ce.

Bayan an watse, samari suka taru suka ciccibi motar suka sauke ta daga kan tudu. Wurin gangare ne, Audi kuwa bai ja birki ba. Ta silalo ita kaɗai, ba direba, ba fasinja, ƙofar but a buɗe tana lilo. Dabo ya hango ta, ya jefar da gora, ya wangale get har ƙarshe, ya ƙame ya sara. Ta shige a hankali, da mutunci, ta tsaya a tsakiyar shanu.

Sharu na gindin tsamiya, ya jingina bayansa a inda ake jinginawa. Audi na ihu yana cewa ya taso a san yadda za a fito da ita.

"Je ka kai kaɗai," in ji shi. "Ni a ƙafa nake."